Kwalbatin bakin masallaci: mu gyara da kanmu ko mu jira hukuma?

Sani Tela: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗazu da na fito sallar azahar na tsaya na leƙa kwalbatin bakin masallaci. Wallahi ko kaza ba za ta iya ratsawa ta ciki ba. Ledar fiyawata, kunzugun yara, har da wata tsohuwar katifa da ban san wanda ya cusa ta ba. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas tun shekaranjiya. Bara a watan Agusta ruwa ya shiga shagona sai da ya rufe matakin keken ɗinki, shaddar mutane kala huɗu na biya daga aljihuna. Bana ba ni da abin biya. Me ake ciki ne?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam Malam Sani. Kai shago ne ma. Mu da tsakar dare ya same mu. Na farka na sauko da ƙafa sai na ji ta cikin ruwa, takalman yara na yawo a tsakar ɗaki. Buhun masarar da muka sayo na ɗora kan gado, ni da yara muka kwana a zaune kan kujera. Har yau bangon ɗakin akwai zanen inda ruwan ya tsaya. Don Allah maza ku yi wani abu tun kafin ya sauko.

Yahuza: To ga shawara. Gida kusan 60 ne a layukan nan uku. Kowane gida ya kawo ₦2,000, mu ɗauko masu haƙa, mu yi hayar tifa ta kwashe abin da aka fito da shi. Asabar mai zuwa a gama.

Nura: Yaya Yahuza, da girmamawa, ni ban yarda ba. Bara karo-karo, bara waccan karo-karo. Taransifoma ta ƙone, mu. Borehol ya lalace, mu. 'Yan sintiri, mu. To ita ƙaramar hukuma aikin me take yi? Ku buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, a rubuce yake: magudanan ruwa da titunan cikin unguwa da fitilun kan hanya da kwashe shara da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, duk suna wuyanta. Kuma cikin kowace naira ɗari da ake rabawa daga asusun tarayya, naira 20 da kwabo 60 na ƙananan hukumomi 774 ne. Duk lokacin da muka zaro kuɗi daga aljihunmu, sauke musu nauyi muke yi, su kuma su ƙara miƙe ƙafa.

Sani Tela: Nura, shi ruwan sama ya karanta jadawali na huɗun?

Maman Ummi: Ka tambaye shi dai. Su gidansu a kan tudu yake.

Nura: Haba Anti, ba haka nake nufi ba. Cewa nake a riƙa tambayar haƙƙi.

Ɗanlami: Ni fa abin da ba na so shi ne a zauna a waya ana yanke wa mutane hukunci. Honarabul kansila yana bakin ƙoƙarinsa. Makon jiya ma ya je ta'aziyya gida uku a mazaɓar nan, ya biya wa wata baiwar Allah kuɗin magani. An kai masa maganar kwalbatin ya ƙi ne?

Sani Tela: An kai. Ni da kaina na tare shi a wajen ɗaurin aure bayan ruwan bara. Ya ce in sha Allahu yana cikin kasafin baɗi. To baɗin ce muke ciki.

Ɗanlami: A wajen ɗaurin aure ake kai ƙorafi?

Baba Iro: Salamu alaikum. Jikana ne ya ce ana ta magana a zaure, na ce ya ba ni tabarau. Na karanta tun daga sama. Ɗanlami ya yi tambaya mai kyau ko da ba da niyyar haka ya yi ta ba, zan dawo kanta.

Shekara 35 na yi ina aikin ƙaramar hukuma, mafi yawa a sashen ayyuka, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona. Abin da Nura ya karanto gaskiya ne, haka yake a takarda. Abin da takardar ba ta nuna masa ba shi ne hanyar da kuɗin ke bi kafin ya iso. Sashe na 162 na wannan kundin dai shi ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗi ya taso daga Abuja, sai ya sauka a can tukuna. A cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire na ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne. Abin da ya rage shi ke zuwa sakatariya. Akwai watannin da muna zaune a ofis, ga tebur ga fayil, amma kuɗin man da za a zuba wa tifa babu. Tifar ma tayoyinta biyu a kan dutse suke. Mutum ya zo da kukansa, ka rubuta, ka sa a fayil, ka san babu inda za shi. Ba daɗi muke ji ba.

Amma kada in wanke mu tas. Akwai lokacin da kuɗin ya zo, aka yi abin da aka ga dama da shi. Na ga kwalbatin da aka biya kuɗinsa sau biyu ba a zuba ko shebur ɗaya na kankare ba. Ba zan faɗi wuri ba, masu abin wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Malam Hadi: Allah ya ƙara lafiya Baba. To ina hukuncin Kotun Ƙoli da aka yi ta murna a kai?

Nura: Ranar 11 ga Yuli 2024 aka yanke shi, Malam. Kotu ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Shi ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen yin zaɓe. Namu na Kaduna an yi shi ranar 19 ga Oktoba 2024, jam'iyya mai mulki ta kwashe shugabanni 23 da kansiloli 255 gaba ɗaya.

Baba Iro: Hukunci daban, aiwatarwa daban, ɗana. An daɗe ana jan ƙafa a kan maganar buɗe asusu a Babban Banki. Kuma ko kuɗin ya zo kai tsaye, ka tambayi kanka: wanda ya san ba ƙuri'arka ce ta kai shi kujera ba, kunyar wa zai ji? A 2018 jihar nan ce ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a duk Najeriya, har 'yan adawa suka ci wasu kujeru. Na je na danna da yatsana, na ga takardar ta fito. Ban ce babu maguɗi a lokacin ba, amma mutane sun fito.

Ɗanlami: Baba, da girmamawa, wannan kuma siyasa ce. Zaɓe an yi shi lafiya.

Yahuza: Jama'a dokar zaure tana nan, ban da jam'iyya. Kwalbati muke magana.

Anti Larai: Ku yi haƙuri in katse ku da sanarwa. Ranar Talata akwai awon ciki da rigakafin yara a asibitin mazaɓa, daga ƙarfe 8 na safe. Masu jarirai a zo da kati. Wadda ba ta yi wa ɗanta takardar haihuwa ba ta yi magana a wajen, za a nuna mata inda ma'aikacin hukumar ƙidaya yake zama. Kada a bari sai za a sa yaro makaranta a zo ana rantsuwa a kotu.

Sannan tunda maganar kwata ake yi, ni ce nake ganin sakamakonta. Daga Yuli zuwa Oktoba bencin asibitinmu ba ya ɗaukar masu zazzaɓin cizon sauro, wasu a ƙasa suke shimfiɗa zane. In kuma ruwan kwata ya malala cikin rijiyoyi, sai amai da gudawa. Yawancin rijiyoyin layin nan ba su da murfi, bakinsu daidai yake da ƙasa. Duk wanda zai gyara kwalbatin nan, hukuma ce ko ku ne, ni dai a gyara kafin Yuni.

Maman Ummi: Allah ya saka Anti. Ni ma ina da magana amma kada a ji haushi. Sharar nan ba daga sama ta faɗo ba. Mu mata mun san yadda ake yi. A ba almajiri ₦50 a ce ya kai bola, bolar tana da nisa, yaro ga yunwa ga rana, yana shan kwana sai ya juye a kwata ya dawo da bokiti. Uwar gida ta san ba a isa bola a dawo cikin minti biyu ba, amma ta karɓi bokitinta ta yi shiru. Har da ni a ciki, ba na cire kaina.

Malam Hadi: Kin faɗi gaskiya Hajiya. Da asuba in na fito kiran salla ina ganin masu fitowa da leda a hannu, su waiga dama su waiga hagu. Manya ne, ba almajirai ba. Har na yi huɗuba a kai, aka ce Malam ya koma duba-gari.

Baba Iro: Ai da ma a ce ka koma, Malam. Yaran yanzu ba su san duba-gari ba. Muna yara a cikin birni, in aka ce ga shi nan ya shigo layi da kakinsa, sai ka ga mata na gudu suna juye randa. Zai buɗe murfin randar ya leƙa, in ya ga tsutsa ko ɗaya, sammaci ne gaban alƙali. Zamanin En'e ke nan, hukuma ɗaya ce, sarki a sama, hakimi, dagaci, mai unguwa. Tana da zaluncinta, kada wani ya ce maku babu, wanda ya ga yadda ake karɓar haraji da jangali ba zai yi kewarta duka ba. Amma ka san ƙofar da za ka buga. Gyaran 1976 ne ya kawo ƙananan hukumomi irin na yanzu, aka raba sarauta da mulki. Yau mai unguwa yana da girma, ba shi da ko sisin aiki.

Bashir: Gaisuwa daga Abuja. Ina bin maganar tun ɗazu a ofis. Abin da ke ba ni mamaki, garinmu Zariya da ke da jami'ar ABU, ga harabarta ta Kongo inda aka horar da ma'aikatan mulki na Arewa kusan gaba ɗaya, har sashe guda ake da shi na nazarin ƙananan hukumomi, ga Barewa da ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna, ga Kakakin Majalisar Wakilai Abbas Tajuddeen ɗan gari, a ce kwalbati ɗaya ya gagare mu. Ni dai ku turo lambar asusu, zan sa ₦30,000.

Nura: Yaya Bashir, a wannan sashen nake karatu, shi ya sa abin ke ci mini rai. Da safe a koya maka yadda ake tsara kasafi daga mazaɓa zuwa sama, da yamma ka dawo gida ka tsallake kwata da littafin a hannu.

Sani Tela: Allah ya ƙara buɗi Bashir. Nura kai kuma ka kawo littafin mu toshe ɓarakar da shi.

Kawu Bala: Ni tambayata ɗaya. Kullum ta Allah ana yankar mini rasit a kasuwa. Na rumfa daban, na shara daban. Mai baro ma da ke ɗauko mini kaya yana biya. Kuɗin nan ina suke zuwa? Kuma ruwan famfo fa? An fasa mana titi an binne bututu, aka ce wahalar ruwa ta ƙare a Zariya. Yau kura biyu nake saye a wajen 'yan garuwa.

Baba Iro: Bala, ka haɗa abu biyu. Ruwan famfo ba na ƙaramar hukuma ba ne, na jiha ne. Aikin da kake magana shi ne wanda aka yi madatsar Galma dominsa, da matatar da aka buɗe a 2017 mai iya tace lita miliyan 150 a rana, da bashin Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka aka yi manyan tankuna da bututun. Ko ka kwana a ƙofar ciyaman ba shi da makunnin famfo. Abin da zai iya shi ne borehol da rijiya. Wuta ta kamfani ce. Babban titin da ya taso daga Kaduna ya wuce Kano ta Kwangila na tarayya ne. Rabin wahalar da mutanenmu ke sha, kai kuka gidan da ba a nan aka yi mutuwar ba ne. Amma kwalbatin cikin unguwa, wannan babu tantama, na ƙaramar hukuma ne.

Rasit kuwa, ka duba kan takardar ka ga sunan wa aka buga. Tun zamanin gwamnatin da ta wuce aka tattara karɓar haraji a hannun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, aka hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. In wani ya ba ka 'yar takarda mara lamba ya sa kuɗin a aljihu, kai ma ka san inda suka tafi.

Yanzu in dawo kan tambayar Ɗanlami. Sani, ka ce ka gaya wa kansila a wajen ɗaurin aure. A ranar mutum nawa suka gaya masa nasu? Wani kuɗin makaranta, wani aikin ɗansa, wani buhun taki. Kafin ya kai mota ya manta da kai. A ofis maganar baki ba ta da fayil. Abin da ke motsa ma'aikaci shi ne takarda mai kwanan wata da hatimin karɓa, don ita ce za a iya zaro masa gobe a ce ga ta, me ka yi a kai? A shekaruna na aiki, unguwannin da suka samu aiki ba su fi kowa buƙata ba. Sun fi kowa naci ne. Akwai wani tsoho da ke zuwa duk Litinin da kwafin takardarsu a cikin leda, ya zauna a benci, ba ya faɗa ba ya zagi, sai dai ya gaishe ka ya ce ya zo jin inda aka kwana. Wata biyar yana haka. Da aka samu ɗan sarari, nasu aka fara yi, don kowa ya gaji da ganinsa.

Nura: To Baba ai maganata ke nan. A rubuta, a matsa, kada a biya.

Baba Iro: A'a, rabin maganarka ke nan. Aiki biyu ne a wajen. Yashe kwata da fitar da katifa, wannan sharar ku ce, ku kuka zuba, kuma tun kafin a haifi ƙaramar hukuma ake gayya a garin nan. Ganuwar da ta kewaye birni da hannu aka ɗora ta. Amma kwalbatin kansa ya yi ƙanƙanta. Lokacin da aka yi shi, bayan masallaci duk fili ne da gonaki, ruwa na nutsewa a ƙasa. Yanzu an gine ko'ina, an yi daɓen siminti, duk ruwan rufin gidaje sittin ta wannan 'yar ƙofa yake son wucewa ya gangara rafi. Ko kun yashe shi fes, in aka yi ruwan awa biyu sai ya tumbatsa. Fasa shi a yi babba aikin injiniya ne da rodi da siminti, ₦2,000 ɗinku ba za ta je ko'ina ba. Wannan shi za ku rubuta a kai.

Yahuza: Wato mu rage karo-karon ke nan?

Baba Iro: Ku rage. Matasa su fito da shebur, kuɗin ya tsaya a hayar tifa da abincin masu aiki. Kuma ku ɗauki hoto kafin a fara da bayan an gama, a liƙa a jikin takardar, su ga kun yi naku.

Maman Ummi: Mu mata za mu yi kunu da ƙosai. Amma a samo mana inda za a riƙa zuba shara kusa, in ba haka ba bayan sati biyu an koma gidan jiya.

Kawu Bala: Akwai yaron da ke kwasar shara da baro a layin kasuwa, gida-gida yake bi, a biya shi duk sati. Zan yi masa magana ko zai haɗa da mu.

Malam Hadi: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu aka aiko mini, tsohuwar gidan masu ƙuli-ƙuli da ke kwance a asibitin Shika Allah ya yi mata rasuwa. Jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidan. Allah ya jiƙanta ya gafarta mata.

Anti Larai: Allahu akbar. Allah ya sa ta huta. Ita ce ta yi wa rabin yaran layin nan wankan jego da iyayensu.

Sani Tela: Allah ya jiƙanta da rahama. Matasa a hanzarta wajen haƙa. Kuma ku lura da gefen yamma na maƙabartar, katangar ta zube tun bara, awaki na shiga.

Nura: Amin. Baba, ita ma katangar maƙabarta tana cikin jadawalin. A haɗa ta a takardar?

Baba Iro: Kada ka haɗa. Takarda ɗaya, buƙata ɗaya. In ka jera biyar za a zaɓi mafi araha a yi maka, a ce an amsa. Ka rubuta da sunan shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansila, kwafi ga shugaban sashen ayyuka da hakimi. Mai unguwa ya sa hannu da hatiminsa, sai magidanta. Kada ta wuce shafi ɗaya, kuma ban da Turancin Kongo, a rubuta yadda mai karatu zai gane a tsaye. Ka kawo mini in duba bayan isha.

Ɗanlami: In an gama a ba ni, ni zan kai wa Honarabul hannu da hannu.

Sani Tela: A'a Ɗanlami, mun gode. Tare za mu je, mu ga an buga hatimin a kan kwafinmu.

Ɗanlami: Wato ba ku yarda da ni ba ke nan.

Yahuza: Ba haka ba ne, da kai za a je, kai ka san ƙofofin. Litinin ƙarfe 10, ni da kai da Malam Sani da Nura. Gayya kuma Asabar bayan sallar asuba. Kowane gida ₦1,000, a kai wa Kawu Bala a shago, zai rubuta suna. Bashir, zan turo maka lambar asusun ta gefe.

Nura: Ni zan fito gayya, amma a rubuta cewa ban janye maganata ba. In aka wuce wata uku ba amsa, gidan rediyo zan kai.

Baba Iro: Ka kai. Amma ka fara zuwa Litinin ɗin farko tukuna, da ta biyu. Bencin yana nan, na san shi, ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, ka zauna ta ɓangaren bango.

Maman Ummi: Wa ke da manyan buhuna marasa amfani? Ko an yashe ko ba a yashe ba ni sai na jera yashi a ƙofar ɗakina. Ku leƙa waje ku ga gabas yadda ta yi baƙi.

Kawu Bala: Ki aiko Ummi, akwai guda takwas na sikari a shago. Ta zo kafin in rufe in tafi jana'iza.